Suna Na Uku

Da hantsi injinan noma arba'in suka shiga gonar iri ta birnin Sabon Tudu, kowanne da idon gilashi da yatsun ƙarfe. Manomi ake ce musu. Aikinsu ɗaya ne: su dubi tsiro, su kira sunansa na kimiyya, in yana cikin jerin ciyawa su tuge shi.

Dokta Tabawa, mai kula da irin shuka, tana kallonsu daga ɗakin sarrafawa. Wannan gona ita kaɗai ta rage a ƙasar da ke da tsohon geron da ke jure fari, kuma duk abin da ke rumbu an shuka shi bana.

Sai ta ga injin farko ya tuge gero. Na biyu ma haka.

"Barmo! Me ka taɓa a lissafin injinan nan?"

Injiniya Barmo, wanda ya ƙera injinan, ya ajiye kofin shayinsa. "Haba Dokta, gyara ne ɗan kaɗan. Lissafin gaɓa uku ne, na cire ta ƙarshe. Ita ke cin lokaci."

A tsarin masana, tsiro kan ɗauki suna uku: na zuriya, na jinsi, sai na reshe. Kowace gaɓa a lissafin injin tana riƙe da suna ɗaya. Gero da shibra, ciyawar nan mai kama da shi, sun haɗa suna biyu na farko, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Na ukun ne kawai ya raba su. Duk manomin ƙauye ya san bambancin da ido. Injin da aka rage wa lissafi bai sani ba.

"Tsayar da su!"

"Ba sa tsayawa sai sun kai ƙarshen gona. Ni na sa haka, don kada ma'aikata su riƙa wasa da su."

"Sannu da hikima. Tashi daga kujerar nan."

Ta zauna, ta shiga mayar da gaɓar. Na'ura ta nemi lambar sirri. Barmo ya faɗi ɗaya, ba ita ba ce. Ya faɗi wata. Ta taga tana ganin kore yana komawa jar ƙasa, kunya bayan kunya.

A karo na uku lambar ta shiga. Injinan suka tsaya cak, suka sake duban abin da ke yatsunsu, suka sake shi.

Tabawa ta sauka ta ƙirga da ƙafarta. Cikin kunya ɗari biyu, shida suka tsira. Gero ba ya son dashe a irin wannan rana. Wanda aka tuge ya riga ya yi laushi.

Mutum ya gaji suna uku daga waɗanda suka fi shi haƙuri, ya ga ɗaya ya yi masa yawa.

Da ta koma ɗakin sarrafawa, ta tarar da Barmo tsaye gaban allon na'ura. Allon kuwa ya rubuta da koren haske: *Madalla. An rage minti goma sha tara a aikin yau.*