Ruwan Askin Magariba

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya raba ta da sauran ranakun kaka. Zulaihatu ta yini tana tsinkar gyaɗa a tsakar gida, ita da 'yarta Humaira, har bayanta ya ƙage. Rana ta yi ja ta faɗa bayan karan dawa, kaji suka fara neman makwanci, ita kuwa ko tuwo ba ta tuƙa ba. A lokacin ne mijinta Tasi'u ya shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ya jingina madubi da turmi, ya ce, "Zulai, ina ruwan?"

Shekara ashirin da shida Tasi'u ya yi yana aikin ofis a birnin Kano, kuma a duk tsawon shekarun nan injin aski kaɗai ya sani. Da ya yi ritaya suka dawo gidan gado, a wani ƙauye kusa da Makoda. Wata ranar kasuwa ya tarar da shagon aski a rufe, babu wuta, sai ya zauna a gaban wani tsohon wanzami, Baba Kolo, don dai kada ya koma gida da ƙasumba. Ya dawo yana ta shafa haɓa kamar wanda aka yi wa sabuwar fuska.

"Zulai, ashe duk shekarun nan yankan ciyawa ake yi mini, ba aski ba," in ji shi. Ya ba ta labarin yadda tsohon ya jiƙa masa gemu da ruwan ɗumi, ya murza har gashin ya yi laushi, ya wasa aska a tafin hannu, sannan ya bi fatar a hankali har barci ya so ɗaukarsa. Ƙurajen da inji ke fito masa da su a wuya suka baje. Bayan zuwa na huɗu ya ce shi ma zai iya. Ya sayo aska, da dutsen wasa ta, da 'yar tasa, da sabulu. Baba Kolo ya ce masa, "Aska ba ta son gaggawa, ba ta kuma son almuru. Ka yi da hantsi." Amma da hantsi Tasi'u yana gona, don haka askinsa ya koma dab da magariba.

Zulaihatu ba ta hana shi ba. Ta ga yadda gona ta fi ƙarfinsa, ta ga yadda yake zama shiru tun da aka raba shi da teburinsa. Askin nan shi ne abu ɗaya da ya koya ya kuma iya. Saboda haka kullum takan sauke tukunyar miya ta ɗora masa ruwa, ko da kuwa ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

A wannan yammacin ta juye ruwan a tasa yana tafasa, ta kai masa. Ya tsoma ɗan yatsa ya janye da sauri.

"Wannan ai na figar kaza ne. Sau nawa zan ce miki mai ɗumi?"

Ta ɗauki tasar, ta zaga bayan rumbu inda makwarari ya bi ta ƙarƙashin katanga, ta watsa ruwan gaba ɗaya. Ba ta yi bismillah ba. Tun tana yarinya ta san ba a zubar da ruwan zafi haka, balle a irin wannan lokaci, amma gajiya da haushi suka riga bakinta.

Sai ta ji kuka. Siriri ne, gajere, kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Su kuwa ba su da akuya. Ta tsaya da tasar a hannu, tururi yana tashi daga ƙasa, har ladan ya fara kiran salla. Ta koma ta sirka wa mijinta wani ruwan. Ba ta faɗa wa kowa ba.

A rana ta uku aka fara jifa. Da an idar da sallar magariba sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro, wani ya biyo. Tasi'u ya ce yaran unguwa ne, ya ɗauki tocila ya zaga gidan, bai ga ko kare ba. Da ya tsinci ɗaya daga cikin duwatsun sai ya yar da shi. Dutsen a jiƙe yake, kuma da zafi. Ana kiran isha'i jifan yake tsayawa, gidan ya yi tsit, irin shirun da ya fi jifan nauyi.

Bayan haka suka fara jin ana wasa aska. Sautin daga ɗakin Tasi'u yake fitowa, a hankali, gaba da baya, alhali askar tana cikin akwati, akwatin kuma a kulle.

Humaira shekararta goma sha shida, tana makarantar sakandare, yarinya ce mai surutu da yawan gashi. Wata safiya ta cire ɗankwali, sai ga kitso ɗaya ya biyo shi. Wurin da ya fita ya yi sumul, babu jini, babu ƙurji, kamar aikin gwanin wanzami. A asibiti aka ce makero ne, aka ba su man shafawa. Bayan kwana biyu wani kitson ya fita. Sannan wani.

Surutunta ya ƙare. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abin kirki. Da rana ta karkata sai ta tashi ta tafi bayan rumbu, ta zauna a bakin makwarari, ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa, tana rarrashi da wata murya ta tsohuwa. In an ɗago ta ba ta gardama. In an saki hannunta sai ta koma.

Mutanen ƙauye ba su sha wahalar gano mai laifi ba. Suka ce ɗan boko ne ya ɗauki aska ba gadonsa ba, yana aski a lokacin da mutanen ɓoye ke fitowa. Tasi'u ya musa kwana biyu, daga nan ya daina musu. Ya bar aski. Furfura ta rufe masa fuska, ya tsufa a cikin mako biyu. Zulaihatu tana kallonsa yana ɗauke da laifin, kullum ta ce gobe za ta faɗa, gobe kuma ta zo ta same ta ba ta da ƙarfin buɗe baki.

Baba Kolo ne ya tura su wajen Malam Abdulkabir, wani malami mai ruƙiyya daga wajen Dawakin Tofa. Ya iso a bayan babur bayan la'asar, dattijo siriri mai jajayen idanu, da ganinsa shi ma ba ya samun isasshen barci. Ya sha ruwa, ya dubi kan yarinyar, inda kitso uku kaɗai suka rage. Ya ce a jira magariba.

Da suka idar da salla aka zaunar da Humaira a tabarma, uwarta ta riƙe ta ta baya. Malam ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Dutse ɗaya ya faɗo a kan kwano. Ya ci gaba. Jikin yarinyar ya yi nauyi a hannun Zulaihatu, ya yi zafi, sannan kanta ya ɗago.

"Malam, ka rage murya. Akwai marar lafiya."

Muryar tsohuwar nan ce, a dishe, a gajiye.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciya. Na riga kakan wannan mai furfurar zama a gidan nan."

"Musulma ce ke?"

"Tare da ku na yi sallar nan. Na ma fi wasunku natsuwa."

"To me ya kai Musulma jikin 'yar mutane?"

"An ƙona mini ɗa. Yana wasa a bakin ƙofarmu aka sheƙa masa tafasasshen ruwa a ka. Fatar ta saɓule. Gashi ba zai ƙara fito masa ba. Na ce to, su ma su ga yadda abin yake."

Tasi'u ya matso a kan gwiwoyinsa. "Ni ne. Ni na kawo askin nan gidan. Ki sake ta, ki kama ni."

Bakin Humaira ya yi wata dariya marar daɗi. "Kai? In kama ka in yi me da kai? Kwana arba'in kana zubo mana kumfa da guntayen gemu har cikin abinci, muka haƙura, muka ce sabon shiga ne, zai gaji. Ruwanka ƙazanta ce kawai, ba ya ƙuna. Wanda ya ƙona mini ɗa ya san kansa."

"Faɗi sunansa," in ji Malam.

"Ba zan faɗa ba. Ai da bakinsa."

Zulaihatu tana jin bugun zuciyar 'yarta a tafin hannunta, da ƙasusuwan haƙarƙarin da a da ba a jin su. Ta buɗe baki, maganar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ni ce."

Tasi'u ya juyo ya dube ta. Ba ta dube shi ba.

"Ni na watsa. Ban yi bismillah ba. Na ji kukan, na yi shiru."

"Kin ji," in ji muryar. "Na san kin ji."

Malam ya gyara zama. "Ta yi kuskure, ba ta gan ku ba. Ke kuwa kina gani kika yi. Yarinyar nan me ta yi miki? Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko ɗan tsako ba za a yanka miki ba."

"To a bar mini sauran kitso ukun."

"Ko sili ɗaya." Ya ɗaga murya ya koma karatu. Jikin Humaira ya sandare, ta yi ƙara, duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Zulaihatu ta ƙanƙame ta tana kuka. An daɗe a haka kafin muryar ta dawo, ta ƙara dishewa.

"Ya isa, Malam. Ya isa. Ni ma na gaji. Kwana goma sha tara ban runtsa ba." Ta yi numfashi. "Abu ɗaya nake so, kuma ba na yanka ba ne. Kwana goma sha tara ina jinya a gidan nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ba wanda ya ce mini sannu."

Malam ya dubi Zulaihatu ya ce, "Wannan kam haƙƙin maƙwabtaka ne."

Zulaihatu ta zagayo ta durƙusa a gaban 'yarta, ta dubi idanun da ba na 'yarta ba. Ta ga gajiyar da ke cikinsu, ta kuma gane ta.

"Sannu," in ji ta. "Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Jiya ya sha nono."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini. Wallahi ban san yana wurin ba."

"Na ji." Idanun suka lumshe. "Zan tafi da shi wajen kogin Watari, can akwai ruwa mai sanyi. Kada a zuba komai a makwararin nan sai gari ya waye, za mu fitar da kaya."

"An yarda," in ji Malam. "Ki yi alkawari ba za ki dawo ba."

"In dawo in yi me? Na yi alkawari, Allah ne shaida."

Humaira ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Da Malam ya tafi, Tasi'u ya tsaya a bakin madafa yana kallon matarsa tana dama kunu.

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Zulai?"

"Na gaji ne, Baban Humaira. Ranar ma gajiya ce. Daga baya kuma kunya."

Ya ce, "Ni ma ban taɓa tambayarki ko kin gaji ba." Ya karɓi kofin ya kai wa yarinyar da kansa.

Da hantsi Humaira ta ɗauki madubi ta dubi kanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ja kitso ukun da suka rage, ɗaya a gaba, biyu a ƙeya, ta ce, "Baba, ka ƙarasa mini. Haka na fi kama da mahaukaciya."

"Bari in kira Baba Kolo."

"A'a. Ba wanda zai ga kaina sai ku."

Ya buɗe akwati ya ɗauko askar. Zulaihatu ta warware kitson ta rage shi da almakashi, ta kawo ruwa. Ya jiƙa kan, ya murza a hankali, ya yi bismillah ya ɗora aska. Bai taɓa yi wa wani aski ba sai ranar, bai kuma yanke ta ko sau ɗaya ba.

Da ya gama, Humaira ta shafa kanta tun daga goshi har ƙeya. Muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, inda ta aske ɗin fa? Zai fito?"

Tasi'u ya juya kanta wajen rana, ya sunkuya, ya daɗe yana dubawa. Ya kira Zulaihatu ta zo ita ma ta duba, don shi idonsa ya cika da ruwa. A wurin da kitson farko ya fita, wasu ƙananan baƙaƙen tsiro sun huda fata, kamar gero bayan ruwan shuka.

"Ya ma fara," in ji Zulaihatu.