Ƙasar Ƙofar Gidan Shittu

Ku gyara zama ku ji yadda Maccido na Wurno ya ƙare, don wallahi ba talauci ne ya kai shi ga boka ba. Manomin albasa ne mai rufin asiri. Yana da rudu uku a bakin fadama, wato rumfunan karan da ake jibge albasa a ciki tun daga girbi har ta yi tsada da damina. Yana da matarsa Adawiyya da 'ya'ya biyu, saurayi Zayyanu da ƙanwarsa Yusra. Abin da ya hana shi sakat shi ne taubashinsa Shittu.

Shittu injin ban-ruwa yake sayarwa a Sakkwato, kuma Allah ya buɗa masa har ya sayi gida a wata tsohuwar unguwar ma'aikata. Unguwa ce da ta zaunu. Itatuwan dogon yaro sun haɗe kai a saman titi, maƙwabta duk dattawa ne da suka aje aiki, ba ka jin komai sai kukan kurciya da kiran salla. A tsakar gidan akwai wani mangwaro da mai gidan na farko ya dasa shekara arba'in da suka wuce. Ranar walimar tarewa, Maccido na shigowa Shittu ya tare shi da wasan taubasai.

“Bawana, tuɓe takalmi kak ka ɓata man tayil! Kuma ka zamna nesa da labule, kada shi ɗau warin albasa.”

Jama'a suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Amma naman da aka sa masa a gaba kasa haɗiye shi ya yi.

A shekarar nan ruɓa ta cinye masa rabin albasa. Duk mako biyu sai ya shiga rudu ya tsince ruɓaɓɓu don kada su shafi masu lafiya, kuma duk wadda ya wurgar sai ya ga Shittu kishingiɗe a inuwar mangwaro. Hassada ce, ba ta da wani suna. Ita ta hau da shi babur ta kai shi wani kufai a bayan Rabah, wajen bokan da ake ce wa Mai Tukunya.

Da rana tsaka ya isa. Ɗakin ba shi da rufi, amma ciki sanyi ƙalau kamar bakin rijiya. Wata baƙar tukunya na binne a ƙasa har wuya, jini ya bushe a bakinta, ƙudaje sun yi cincirindo a bango amma ko ɗaya ba ya kusantarta. Tsohon bokan na zaune a kan buzun baƙin akuya, bai ɗago kai ba.

“Mi kaka so?”

“Arziki nika so, Baba.”

“Ƙarya ta. Mai neman arziki da sauri shika shigowa. Kai tahiyar mai ciwo kay yi. Wa yaf fi ka?”

Maccido ya sunkuyar da kai ya faɗi sunan taubashinsa.

“To, ji nan,” in ji boka. “Albasarka ba ta ƙara ruɓewa, ko ƙwara guda. Ta kowa ta narke, taka na nan kamar yau anka cire ta. Amma kai manomi na, ka san ruɓa ba ta ɓacewa. In anka hana ta albasa, sai ta ci wani abu. Gida za ka ba ta.”

“Gidana?”

“Gidan da ka ga dama. Kawo man ƙasar ƙoharshi, cikin hannu guda.”

“Mi za ta yi ma mutanen ciki?”

“Mi taka yi ma albasa?”

Maccido ya sani. Daga ciki take farawa, bawo na sheƙi, sai ka matsa ka ji ruwa. Da mai tsoron Allah ne, nan zai tashi ko takalmi ba zai tsaya ɗauka ba. Shi kuwa cewa ya yi, “Yaushe za ni kawo?”

Ranar Juma'a ya kai wa Shittu buhun albasa tsaraba. Da zai fita ya saki hularsa ta faɗi a bakin ƙofa, ya duƙa ya damƙo ƙasa tare da ita. Boka ya zuba ƙasar a tukunya, ya yanka baƙin zakara a kai, ya tsaga albasa biyu ya jefa. Tukunyar ta yi wani gurnani, wari ya tashi har idon Maccido ya kawo ruwa.

“Gida nic ce, ka ji ni da kyau,” in ji tsohon. “Abin ga bai san sunan kowa ba. Wuri yas sani.”

Damina ta zo da zafi da laima, rudun mutane suka yi ta zubar da ruwa, na Maccido kuwa ko ɗigo. Fataken Kudu suka yi layi da tireloli a ƙofarsa. Rudu uku suka zama ashirin. Kafin shekara biyu ya je Makka ya dawo, waɗanda ke kiransa Maccido gatsau suka koma Alhaji.

A can birni kuwa, 'yar Shittu, Husainatu, ta kwanta. Fuskarta fes, amma tana ihu cikinta na ci da wuta, likitoci sun duba ba su ga komai ba. Wata uku ta rasu. Maccido ya je ta'aziyya, ya zauna a gindin mangwaro yana shafa addu'a, idonsa na kan tagogi yana zaɓen ɗakin da zai ba Zayyanu. Da matar Shittu ita ma ta fara irin wannan ciwo, Shittu ya kwashe iyalinsa zuwa Goronyo wajen surukansa, ya ba dillali gidan ya sayar.

Dillalin ya nuna wa Maccido gidaje uku a unguwar, har da wani bene da ya fi na Shittu komai. Ko kallon kirki bai yi musu ba. Shi na Shittun yake so, don a ce a Wurno gidan da aka hana shi taɓa labule yau shi ne mai shi. Ba wai ya manta da maganar boka ba ne. Dabarar manomi ya yi. In cuta ta kama fangalin da ake renon irin albasa, kwashe ƙasar ake yi, a ƙona kara a wurin, a zubo sabuwa, iri ya fito lafiya lau. Haka ya sayi gidan, ya sa leburori suka haƙe ƙofarsa har gwiwa, aka ƙona dami goma na kara, tifa ta kawo yashi daga gulbin Rima, aka malale da siminti. Dattawan unguwa suka tsaya suna kallo, suna zaton magudanar ruwa yake gyarawa.

Wata huɗu da tarewa aka kai Zayyanu makwancinsa. Yaro kamar doki, ya narke a kan katifa yana kiran uwarsa. Bayan sadakar bakwai Adawiyya ta fara bin bango tana shinshina. Ta wanke ɗakuna da sabulu, ta sake wankewa, har fatar hannunta ta saɓule, tana cewa, “Alhaji, ba ka jin wari? Wani abu ya mutu cikin ginin ga!” Ranar da ta fita titi ba mayafi tana kankare kwalta da farce, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Achida a ɗaure. Gida ya rage daga shi sai Yusra, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya.

Ya koma kufai a gigice. Da boka ya ji labarin haƙar ƙasa, dariya ya yi har da tari.

“Kai, Alhaji! Gida fangali na? Ko ka haƙa har ka tad da ruwa, wurin na nan.”

“A kwance shi, Baba. Komi kac ce sai in yi.”

“Ba a kwancewa. Amma wanda ka kwana ciki kaɗai taka ci, ɗaya bayan ɗaya, yara kahin manya in ta samu. Sayar ma wani ka hita, albasarka na nan lahiya. In kuwa kab bar shi kango, ta koma rudu.”

Hanya ta buɗe masa, ba wuya ba tsada. Ya dawo da niyyar kiran dillali, sai ya tarar da Shittu zaune a ƙofa yana jiransa. Ya yi ƙiba, matarsa ta warke sarai, bai san komai ba bawan Allah.

“Taubashi, yau ba wasa ya kawo ni ba,” in ji Shittu. “Gidan ga bai karɓe ka ba. In kana son rabuwa da shi, maido man. Uwar ɗiyana kullum zancenshi taka yi, nan taka tuna Husainatu.” Ya ɗaga kai ya dubi reshen da ya leƙo ta kan katanga. “Bana kam mangwaron ga zai yi ɗiya.”

Ku duba fa. Da ya ce to, da 'yarsa ta tsira, dukiyarsa ta tsira, ruɓa ta koma kan mutumin da tun farko ya nufa da ita. Amma sai ya hango Shittu kishingiɗe a inuwar nan kuma, ya ji mutanen Wurno na cewa birni ya fi ƙarfin Maccido, mai gida ya karɓi abinsa. Ko wani ya sayar wa, ya san Shittu zai bi ya saye.

“Ba na sayarwa ba na,” ya ce.

Da ya shiga ciki, Yusra ta riƙe masa riga. “Baba, ka kai ni wurin Inna. Cikina na man zahi.”

“Bayan Salla,” in ji shi. Ya san in ta tafi, shi kaɗai zai rage mai kwana a gidan.

Yusra ba ta ga Salla ba. Shi kuwa abin bai yi masa da sauri ba. Wata bakwai yana zaune a tsakar gida cikin babbar riga, fuska na sheƙi, ciki na narkewa, duk wanda ya buga ƙofa sai ya daka masa tsawa, “Ku ce ma Shittu ban hita ba!” Wari ne ya sa maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Masu wankan gawa biyu suka shiga suka fito da gudu. Shittu ne ya ɗaure hanci da rawani ya wanke shi, yana kuka yana cewa, “Ɗan'uwana, mi yas same ka haka?” A makon nan rudu ashirin suka zube ruwa a rana ɗaya, sai da manoman fadama suka yi kwana uku ba su je gona ba.

To, kai da ke wucewa ta ƙofar ɗan'uwanka kana jin zuciyarka na suya, ka ji tsoron Allah ka nemi tsari tun abin yana ƙarami. Maccido ya sami gidan da yake so, ba wanda ya ƙwace masa. Ya ba da ɗansa, ya ba da hankalin matarsa, ya dubi 'yarsa ido da ido ya ba da ita, duk don kada taubashinsa ya sha inuwa. Yanzu yana inda za a tambaye shi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba boka a wurin.