Dutsen da Ke Cin Tsirkiya

Ranar da Dogo ya fara shigowa shagon Baba, 'yarsa Auta na goge wani farin dutse a kan inji, ƙura har a girarta. Baba ne ke yanka duwatsun zobe, ita aikinta gogewa.

"Sannunku da aiki," in ji Dogo. "Gita nake kaɗawa, babbar nan mai kaurin murya. Ɗan abin da nake karta tsirkiya da shi na roba ne, ya ishe ni. Za a yi min na dutse?"

Baba ya ce shi ba ya aikin wasan yara. Auta ta ce ita za ta yi. Shi ne abu na farko da ta taɓa yankawa da hannunta, kwana uku tana fama da ɗan dutsen da bai fi farce ba. Da Dogo ya karɓa, ya fi daɗewa yana kallonta a kan kallon dutsen.

Daga nan waya ta shiga uku da saƙonnin Dogo. "Zumata, yau dutsenki ya sa gita ta yi magana. Sunanki ta kira." Auta ta yi tsaki, ta karanta sau huɗu.

Da maganar aure ta taso kuwa, Baba ya rufe ido. "Makaɗi? Yau yana nan, gobe yana can. Ba shi da haƙurin riƙe mace."

Tana cikin wannan fama, sai Yayarta ta kawo labari: duk Asabar ana ganin Dogo a shagon wata budurwa mai sayar da tsirkiya. Ran Auta ya ɓaci. Ita tana nan tana rigima da ubanta saboda shi, shi kuma yana can yana washe baki.

"Me kake nema wurinta kullum?" ta rubuta.

"Tsirkiya, Zumata."

"Duk sati? Cinye ta kake yi?"

Dogo ya sauya zance. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta ce ya dawo mata da dutsenta, kowa ya kama gabansa.

Ya kawo har shago, fuska kamar an yi masa mutuwa. Kafin ta miƙa hannu, Baba ya ɗauke dutsen, ya shafa bakin dutsen da babban yatsa, ya ɓata fuska.

"Wa ya goge wannan? Ai zarto ne. Yaro, tsirkiya nawa ya tsinka maka?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Kusan duk sati ɗaya, Baba. Wata biyar ke nan."

"Kuma ba ka faɗa ba?" in ji Auta. Kunya da haushi suka haɗe mata.

"Aikinki na farko ne. Na ga yadda kike murna."

"Da ka buɗe baki, ai gyaran minti biyar ne. Wallahi kai dai ka cika ban haushi."

Baba ya daɗe yana jujjuya dutsen. "Na ce ba ka da haƙuri. Na janye. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za su tafi, Baba ya dafa kan Auta, ya dubi ango.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Amma ka ji ni da kyau, ɗana: ita ma bakinta da kaifi. In ta yanke ka, ka faɗa mata tun ranar."