Inda Kwalta Ta Ƙare

Yaya Torkel, wata uku ke nan da binne ka, har yau ina jan bas ɗina. Barci ya ƙaurace mini. Kofi kawai nake ɗura wa cikina.

Ka san tashar Kasuwar Kifi, inda jirgin titi, mai bin dogo a cikin gari, da bas ke tsayawa a bakin dakali ɗaya. Kullum kai kake riga ni shiga da jirginka, ka buga ƙararrawa sau biyu, ka leƙo: "Ƙane, mai tayar roba, bi bayan manya!" Daga nan ka miƙe kan gadar dogo, wadda jirgi kaɗai ke hawa, ni in karya dama.

Ranar Talata, ƙarfe uku da rabi, duhun hunturu ya riga ya sauko. Ana yayyafi. Ƙarnin kifi da warin jiƙaƙƙun riguna sun cika motar. Fasinja tara.

Na tarar da jirgi a tashar, ba kowa a ciki. Ba wanda ya shiga. Ba wanda ma ya kalle shi.

Ƙararrawa. Sau biyu.

A madubinsa na gefe na hango hannu, sanye da safar nan taka da ta huje a babban yatsa.

Ya tashi. Na bi.

Ban ga kwanar dama ba. Jar fitilarka kaɗai nake gani, jikina ya yi sakayau kamar an sauke mini kaya.

Wata tsohuwa a kujerar gaba ta dafa kafaɗata, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, ina za ka kai mu?"

"Jirgi nake bi, Iya."

"Wane jirgin?"

Na take birki.

Tayoyin gaba suka tsaya daidai inda kwalta ta ƙare. Gaba sai ƙarafa biyu da katako, baƙin kogi na wucewa ta ƙasa.

Babu jirgi.

Na sauka. A kan dogon ga yashin nan da jirgi ke zubarwa idan an ja birki da ƙarfi. Na taɓa.

Da ɗuminsa.

A ofis na ce santsi ne ya kwashe ni. Suka mayar da ni unguwannin tudu, inda babu dogo ko taku ɗaya. Duk da haka, idan na tsaya ɗaukar mutane da yamma, nakan jiyo ta daga can nesa. Sau biyu.

Ban sani ba, Yaya, ja na ka yi, ko birkin nan domina ka ja shi. Har yanzu ban faɗa wa kowa ba, ko Mama.