Wadda Ta Adana Ni a Rumbu

Lantana, ajiye wayar nan ko in fasa ba da labarin. Ke kuma Hajjo, tun magariba kike damuna in ba ku labarin aljanu, to in kika kasa fita tsakar gida anjima kada ki ce Yaya Tanimu ne ya ja miki. Ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ni abin ya faru da ni, kuma ko iyayenku ba su san rabinsa ba.

Kun san a gidan tarihi nake aiki, ɓangaren kayan noma. Garma, sungumi, lauje, duk mun rataye su a bango da 'yar takarda a ƙarƙashi. Ran Alhamis 'yan makaranta ke zuwa. Mu nuna musu sussuka da shiƙa, a dama musu kunu su sha, don wasunsu sun ɗauka a leda gero yake tsirowa. Akwai kuma wani kabad na gilashi, shi ne abin alfaharina. Kwalabe ne a jere, kowace da irin da manoma suka fara mantawa da shi: acha, ibiro, tamba, jar dawa. Da yaro ya miƙa yatsa sai in daka masa tsawa: "A gani da ido, ban da taɓawa!" A lokacin ji nake duk garin nan ba wanda ya san gero kamar ni, alhali ko rami ɗaya ban taɓa shukawa ba.

Wata Alhamis wani tsoho, Baba Nomau, ya rako jikarsa. Ya daɗe tsaye gaban kabad ɗin.

"Babu namu a nan," ya ce.

"Wanne ne naku, Baba?"

"Gero mai gashi, na Kufan Tsamiya. Tsuntsu ba ya iya cinsa. Mun baro garin shekara arba'in ke nan, muka dawo bakin titi. Rumbu ɗaya na nan tsaye, da irin a ciki."

Nan take na zaro biro. Ya riƙe min hannu.

"Kada ka je kai kaɗai. Kada ka je da rana tsaka."

Na ce to, Baba. A raina na ce camfi.

Ran Asabar na hau babur ni kaɗai, don ba na son a raba yabon da kowa. A jakata akwai kwalba, tocila da gorar ruwa. Taya ta yi faci a hanya, na yi ta turawa ina shan ruwa. Kafin in isa kufan, rana ta take tsaka, ruwan gorata kuma bai fi kurɓa biyu ba.

Wurin shiru. Ba kukan tsuntsu, ba ko ƙuda. Katangu duk sun zube sun zama tudu, sai rumbun nan shi kaɗai a tsaye. Rumbun ƙasa ne, irin mai baki a can sama, wanda sai an hau tsani a ɗage murfi a dira ciki. An jingina masa tsani. A gindinsa wata tsohuwa na zaune tana shiƙa.

Babu iska, Hajjo. Ko ganye ba ya motsi. Amma ƙaiƙayin yana tashi daga faifanta yana tafiya.

"Salamu alaikum, Iya."

"Ka iso."

Bakinta ya motsa, na gani. Amma muryar daga cikin rumbun ta fito, kamar mai magana a cikin tulu. Na ce wa kaina zafin rana ne.

"Iri na zo nema, Iya. Gero mai gashi."

"Gonarka a ina?"

"Ba ni da gona. Adana shi zan yi."

"Adana."

"A kwalba, bayan gilashi. Ba ruwa, ba ƙwaro. Yara su zo su gani."

"Su gani," ta ce. Ta ajiye faifan. "Hau ka ɗiba."

Sai da na kai tsakiyar tsani na leƙo ƙasa. Zanenta ya ɗan ja sama. Yatsun ƙafarta sun nutse cikin ƙasa, sirara, da yawa, kamar saiwar kara. Mai hankali da ya diro ya ruga. Ni sai na ce bari in ɗiba da sauri tukuna. Kun ga wautar ɗan boko.

Na ture murfin gefe na dira. Ƙafata ta faɗa cikin toka mai laushi har idon sawu. Ban yi mamaki ba, da toka mutanen da ke tsare iri kada ƙwaro ya ci. Na ɗaga kai. Daga waje rumbun bai fi tsayina da rabi ba. Daga ciki bakinsa ya yi can nesa, ɗan ƙarami kamar faifai.

Zangarniyoyi na rataye a jikin bango, baƙi-baƙi, masu gashi. Na ciro ɗaya, na murje ta cikin kwalba. Na ɗora murfin kwalbar. Na murɗa.

Ina gama murɗawa, murfin rumbu ya rufe a kaina.

Duhu. Ba irin na ɗakin nan ba, wanda ido ke sabawa da shi.

"Iya! Murfin ya rufe!"

"Na sani."

Yanzu muryar a gefen kunnena take.

"Buɗe mini, don Allah."

"Na adana ka. Ba ruwa, ba ƙwaro."

Na kunna tocila. Bango sumul, ba inda zan sa ƙafa. Na yi tsalle, toka ta ja ni har gwiwa. Na duba waya, ba sabis. Na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi, ihun bai wuce bangon ba. Ina juya tocilar sai na ga wata tsohuwar malafa zaune daram a kan tokar, kamar akwai kai a ƙarƙashinta. Kusa da ita wata kwalba ce, murfinta ya yi tsatsa. Ban ɗaga malafar ba. Har yau ina gode wa Allah da ban ɗaga ba.

Sai toka ta fara zubowa daga sama. A hankali, siririya, ba gaggawa. Tana sauka a kaina, a wuyana, tana shiga bakina.

"Kashe ni za ki yi?"

"Ni? Gyara ka nake. Shekara arba'in za ka yi ba abin da zai taɓa ka."

Tocilar ta yi ja, ta mutu. Can sai wata 'yar huda ta buɗe a bango, daidai fuskata, haske ya shigo kamar zare. Na ji motsi a waje. Ƙananan muryoyi, da yawa, kamar ana zuba hatsi a ƙwarya. Wani ido ya toshe hudar. Ba fari a cikinsa, baƙi ne gaba ɗaya. Ya kalle ni, ya matsa. Wani ya zo. Layi suka yi, Lantana, layi!

Na ji tsohuwar tana musu bayani. "Wannan ɗan Adam ne. Da can suna noma." Wani siririn yatsa ya leƙo ta hudar. Ta daka tsawa: "A gani da ido, ban da taɓawa!"

Da muryata ta faɗa. Muryata sak.

Nan na fashe da kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ƙato da ni, da takardun makaranta, ina kuka kamar an ƙwace min alewa. Tsoro na ji, na kuma ji kunya. Hudar ta rufe. Toka ta kai ƙuguna.

Na karanta duk abin da na haddace, har wanda ban haddace da kyau ba. Murfin bai motsa ba, amma zuciyata ta ɗan kwanta. Da ta kwanta sai na tuna Kaka, kakarmu ni da ku, Allah ya ji ƙanta. Ku ba ku riske ta da ƙarfinta ba. Duk gabanin damina takan ɗebo iri kaɗan, ta ƙulle a tsumma, ta jiƙa, ta ajiye bayan randa kwana uku. In ya tsiro, ta ce yana da rai, a kai gona. Ina ƙarami na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta bar shi a tulu kawai ba. Ta dungure min kai ta ce in bar ta ta yi aikinta.

Tsohuwar nan tambaya ɗaya ta yi mini. Gonarka a ina. Shekara arba'in tana zaune gindin rumbu, ƙafa a kafe, tana jiran wanda zai ba ta amsa.

Na lalubo gorata. Harshena ya bushe kamar fata. Kurɓa biyu ne, kuma ban san kwana nawa zan yi ba. Na kai gorar bakina, har na ji sanyin ruwan a leɓena. Sannan ga abin da na sani daga makaranta: gero ba ya shekara arba'in da rai. In na zuba ruwan nan a kan mataccen iri, na zubar da shi a banza.

Toka ta kai cikina.

Na buɗe kwalbar. Na juye geron a hankicina, na ƙulle. Na tsiyaye ruwan a kai, duka, har ɗigon ƙarshe. Na dunƙule shi a hannu, na ɗora hannun a kan toka.

Zubowar ta tsaya a ƙirjina.

"Me ka yi?"

"Na jiƙa shi, Iya."

Ta ce, ƙasa-ƙasa: "To mu jira."

Muka jira. Ba zan iya zama ba, ba zan iya juyawa ba. In na ja numfashi da ƙarfi toka ta matse ni. Ban san dare ba, ban san rana ba, sai dai bango ya yi zafi, ya huce, ya sake yin zafi. Na yi salla da ido. Ƙishirwa ta sa na fara tunanin tsotse hankicin. Sau biyu ina kai shi baki ina mayarwa. Wani lokaci in ji tana numfashi kusa da ni. Ita ma jira take, kuma na rantse muku ita ma tsoro take ji.

Bango ya huce karo na uku. Ba komai a hannuna sai tsumma mai wari. Na ce shi ke nan, ya mutu, ni ma na bi mai malafa.

Sai wani abu ya sosa min tafin hannu.

Ɗan tsini. Na kwance ƙullin a hankali, na shafa da yatsa. Ɗaya. Biyu. Uku. Cikin tafin gero guda, ƙwaya uku ne suka tsiro.

"Iya," na ce, muryata ba ta fita. "Yana da rai."

Na ji wani dogon numfashi, kamar wadda ta sauke dami daga kanta. Murfin ya goce. Haske ya zubo, ga bakin rumbun nan dab da kaina, hannu kawai zan miƙa. Toka ba ta wuce idon sawuna ba. Na ja jiki na fito, na gangaro ƙasa.

Ba tsohuwa. Inda ta zauna sai wani busasshen karan gero guda ɗaya, saiwarsa a kafe. Daga cikin rumbun muryar ta biyo ni:

"A shuka kowace damina. Kuma a ci."

Baba Nomau ne ya tsince ni a hanya da amalanke, ran Talata. Ya duba tokar da ke kaina, ya duba hannuna da na ƙi buɗewa. Ruwa kawai ya ba ni.

Filin da ke bayan gidan tarihi, inda da ake ajiye motoci, ni na fasa shi da fartanya har hannuna ya yi kanta. Ƙwaya ukun nan na shuka. Yanzu shekara shida, gonar ta kai kunya goma sha biyu. 'Yan makaranta su ke shuka, su yi noma, su girbe, su daka, mu dama fura su sha. Kwalaben kabad ma duk shekara sai na juye su a gona in sake cika su da sabon iri. Gilashin a buɗe yake, mai son taɓawa ya taɓa.

Kuna tambaya me ya sa na ƙi aikin da aka ba ni a birni, kowa a gidan nan yana ce min sakarai. Bara zazzaɓi ya kwantar da ni, ruwan shuka ya sauka, na yi jinkirin kwana huɗu. Ranar farko na farka da toka a tafin ƙafata. Rana ta biyu a gwiwa. Rana ta huɗu na tashi ina tari, bakina cike. Da rarrafe na je gonar nan.

Hajjo, daina leƙa ƙwaryar. E, furar da kuka sha ɗazu ta geron ce, kuma har ƙari kika nema. Ba abin da zai same ki. Cewa ta yi a ci.

Amma ku ji ni da kyau. In kun ga rumbu tsaye a kufai, ku wuce. Kada ku je ku kaɗai, kada ku je da rana tsaka. In kuma wata ta tambaye ku ina gonarku, to ku tabbata kuna da amsa.

Kun ji wannan iskar? Hadari ne ya haɗo daga gabas. Lantana, haska min ƙafata da wayar nan.

A'a, bari. Na riga na ji tokar tsakanin yatsuna. Ku je ku kwanta, da sassafe za ku taya ni shuka.