Wankan Teku a Iskandariyya

Ana tsakiyar darasin zanen yatsu aka leƙo aji aka ce ana neman Sufeto Munkaila. Bai ji haushi ba. Kwas ɗin da aka turo shi daga Najeriya ya yi a Alƙahira, cikin zafin shekarar 2014, ba abin da ya ƙware a kai tun zuwansa sai gyangyaɗi.

A ofis ya tarar da Ra'id Ashraf, ɗan sandan Masar mai ƙaton gashin baki, wanda kofin shayi ba ya barin teburinsa. Da Larabci da ɗan Turanci suke lallaɓawa su fahimci juna.

"Ɗan ƙasarku ne ya mutu a teku, ya basha," in ji Ashraf, da kalmarsu ta Masarawa mai nufin ranka ya daɗe. "Ɗalibi ne, sunansa Uzairu. Ƙungiyarsu ta je yawon buɗe ido Iskandariyya ranar Juma'a. Washegari masunta suka tsamo shi."

"Allah ya jiƙansa. Ni me ake so in yi?"

"Abokan tafiyarsa duk sun dawo nan. In na yi tambaya su amsa mini da Larabcin littafi, in na matsa su juya yarenku. Sun ce santsin dutse ne ya kwashe shi. Likita ya ce ruwa ya sha, amma akwai shatin yatsu a ƙeyarsa da kafaɗunsa, gashin kansa kuma duk mai ne. Mai gabatar da ƙara ya ce ba zai saki gawa ba sai an yi masa bayani."

Munkaila ya karɓi hotunan gawar ya duba. Ya yi aiki a Damaturu a shekarun da ake kwasar gawa da mota, kuma tun daga can wani abu ya mutu a ƙirjinsa. Bai ji komai ba. Ya dai san yaron yana kwance a firjin asibiti a wani gari, danginsa kuma suna jiran a ba su shi su yi masa sutura.

Ashraf ya turo masa wata leda. A ciki akwai riga mai ɗinkin hannu, da hula, da tabarau, da agogo.

"A ina aka samo waɗannan?"

"Shugaban tafiyar ne ya kawo. Ya ce a kan dutse suka gan su."

Munkaila ya shinshina rigar. Turare kawai take yi, ba ta taɓa ruwa ba, kuma an ninke ta tsaf.

Shugaban tafiyar, Harun, yana zaune a Hayyus Sabi', unguwar da in ka jefa dutse sai ya faɗa kan ɗalibi. Dogo ne mai yawan magana, irin waɗanda ko gaisuwa suka yi sai ta zama jawabi.

"Wallahi Yallaɓai, rihla ce, wato tafiyar buɗe ido, mai tsari," in ji shi. "Mun fara da ganuwar Ƙaitbay, tsohon ginin nan da ke bakin ruwa. Muka yi Juma'a a masallacin Abul Abbas. Wasu suka hau keken doki a titin bakin teku, wasu suka sha askirim. Daga nan gidan kifi, sai lambun Muntaza. Komai tamam, sai wannan ƙaddara."

"Ina Uzairu ya faɗa?"

"Bayan ganuwar, inda manyan duwatsu suke. Ya hau zai ɗauki hoto, igiyar ruwa ta make shi."

"Ka gani da idonka?"

"Kusan haka."

"Babu kusan haka a ido, Malam Harun. Kawo wayarka."

Hotunan tafiyar sun fi ɗari. Samari a kan ganuwa sun ɗaga yatsu biyu, samari sun rungume tsohuwar igwa, samari sun tattare wando ruwa na taɓa musu idon sawu suna ihu. Yawancinsu ranar suka fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Harun ya nuna masa Uzairu: siriri, yana kallon ƙasa. A kowane hoto akwai wani mai gemu a gefensa, riƙe da wuyan hannunsa.

"Wannan fa?"

"Yayansa ne, Malam Abdurrahim. Shi ke mana limanci a nan."

"Ƙato da gemunsa yana riƙe da hannun ƙato. Makaho ne Uzairun?"

"A'a, shaƙuwa ce kawai."

Munkaila ya ci gaba da turawa har ya kai hotunan gidan kifi. Ga faranti, ga hannuwa, ga bakuna cike. Ya duba fuska ɗaya bayan ɗaya, babu Uzairu, babu yayansa.

"Mutumin da zai ɗauki hoto," in ji Munkaila, "shi ke gyara hula. Wannan ya cire hula, ya cire riga, ya ninke. Wa ya ce maka hoto ya je ɗauka?"

Jawabin Harun ya ƙare. Ya share zufa da bayan hannu.

"Malam ne ya faɗa mini. Bayan Juma'a ya ce mu wuce, za su same mu. Da la'asar ya iso shi kaɗai, jiƙe sharkaf, ya miƙo mini kayan Uzairu. Ni ban ga komai ba, Yallaɓai. Mutum ne da nake bi salla, ya zan ce ya yi ƙarya?"

Mamacin yana da ƙanwa, Fauziyya, tana aure a unguwar Ainu Shams. Ashraf ya tsaya a mota yana fama da masu tuk-tuk, keke-napep ɗin Masar, Munkaila ya hau bene shi kaɗai. Mijin ya shigar da shi falo, ya koma gefe ya zauna.

Idanunta a bushe suke. Ta gaishe shi kamar mai karanta allo.

"Umma ta kira daga gida ya fi a ƙirga," in ji ta. "Tambayarta ɗaya ce, an binne shi? Ban san me zan ce mata ba."

"Ki taimake ni a ba ku shi. Yayanki Uzairu yana da wata lalura?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Me ya sa ake riƙe masa hannu kamar yaro?"

Munkaila bai matsa ba. Ya daɗe da gane cewa mutanenmu sun fi jin kunyar ciwon ƙwaƙwalwa fiye da tsoron 'yan sanda, don haka ya jira.

"Tun hargitsin bara ne," ta ce daga baya. "Gidansu yana kusa da inda aka yi harbe-harben. Ya ga abin da ya gani ta taga. Daga nan ya daina zuwa darasi, ya daina cin abinci sai an ba shi, a ƙarshe ya daina magana gaba ɗaya. Muka ɓoye, kada a ce ya haukace a mayar da shi gida."

"An kai shi asibiti?"

"Ni na kai shi. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce abin yana warkewa a hankali. Yaya Abdurrahim ya hana a ba shi. Ya ce ba ciwon asibiti ba ne, shafar aljanu ce. Kullum yana yi masa ruƙya, yana karanta masa ayoyi har muryarsa ta dishe. Wallahi yana son shi, Yallaɓai. Shi ke masa wanka, shi ke wanke masa kaya."

"Mutumin da ba ya magana, me ya kai shi yawon buɗe ido?"

"Yaya ya ce iskar teku za ta yi masa amfani. Ni na yi musu dambun nama na hanya." Ta ɗan tsaya. "Ya kuma ce in saka masa man zaitun da garin magarya."

"A ci da dambu?"

Ta dubi hannuwanta, mijin ya dubi silin.

Da suka koma Hayyus Sabi', Munkaila ya ce wa Ashraf wannan karon ya hau tare da shi. Ɗakin 'yan'uwan biyu yana hawa na sama, littattafai sun ci rabinsa. Katifu biyu ne a ƙasa, an gyara ɗaya, ɗayar kuma da alama ba a kwanta a kanta ba tun da aka dawo.

Abdurrahim yana zaune a kan darduma da riga mai dogon hannu, an ɓalle maɓallan har wuya, a cikin zafin da fanka ma ta gaji. Ya amsa sallama da muryar da ba ta fita sosai.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Alhamdu lillah. Na Allah ne, ya karɓi abinsa."

"Ka ce hoto ya je ɗauka."

"Haka ne."

"Da wace waya? Harun ya ce ta Uzairu ta daɗe a kashe."

"Da tawa."

"Nuna mini hoton."

"Ban kai ga ɗauka ba."

A bayan ƙofa akwai jarkoki biyu manya. Munkaila ya buɗe ɗaya, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Gishiri ne zalla, ga yashi kwance a ƙasa. Ashraf ya ɗaga gira yana neman bayani, don shi a duniyarsa ba wanda ke ɗauko ruwan teku ya hau da shi bene. Munkaila kuwa ya san abin. Ya sha ganin fasinjojin Legas suna dawowa Arewa da irin jarkokin nan, a yi wa marar lafiya wanka a karya sihiri.

"Tsarabar Iskandariyya ce wannan?"

"Na magani ne."

"Na wa?"

Abdurrahim ya ja hannun rigarsa ya ƙara rufe wuyan hannunsa.

"Naɗe hannun rigarka, Malam."

Bai yi gardama ba. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk yakushi ne, wasu sun fara ɓawo, wasu sun yi ja sun kumbura.

"Dutse ba ya da farce," in ji Munkaila. "Gawar ƙaninka tana firji. Mahaifiyarku tana tambaya ko an binne shi. Ba za a sake shi ba sai ka faɗi abin da ya faru."

Abdurrahim ya daɗe yana kallon katifar da aka gyara. Da ya fara magana, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka.

"Na yi masa karatu har na rasa abin yi. Sai wani ya ce mini aljani mai taurin kai irin wannan, sai ruwan teku. A shafa masa zaitun da magarya, a nutsa shi sau bakwai ana karatu. Malamanmu ba su koya mana haka ba, na sani. Amma na gaji da ganinsa a haka. Da aka sanar da rihla, na ce dama ta samu."

"Ci gaba."

"Na fara cika jarkokin, don mu ci gaba da wanka a gida. Na cire masa kaya na ninke. Muka shiga har ƙirji. Ban iya ruwa ba, shi ma haka. Na farko da na biyu bai yi komai ba. A na huɗu ya fara kokawa, na ce alhamdu lillah, abin ya motsa."

Munkaila yana fassara wa Ashraf a taƙaice. Ashraf ya daina rubutu.

"Da na ɗago shi a na biyar, sai ya yi magana. Kusan shekara ban ji muryarsa ba. Ya ce, 'Yaya, ka sake ni, ni ne.'"

"Sai ka sake shi?"

"An gaya mini aljanu za su yi haka. An ce in sun ji wuta, da muryar marar lafiya suke roƙo, kada in saurara." Ya shafa yakushin hannunsa. "Sai na ƙara dannawa. Na cika bakwai. Da na ɗago shi jikinsa ya saki. Ina ƙoƙarin jawo shi igiyar ruwa ta zo ta buga mu, ta ƙwace shi daga hannuna."

"Shi ne ka ce hoto."

"Na ji tsoro. Na ji kunyar a ce limami ne."

Munkaila ya jira ya ji ko haushi ko tausayi zai taso masa, ba wanda ya zo. Ya gaya wa Ashraf sauran, kalma bayan kalma.

"La hawla wa la ƙuwwata illa billah," in ji Ashraf. Ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar aljihu. "Khalas, shi ke nan. Zan kira mai gabatar da ƙara. Gobe in sha Allah su karɓi gawarsu. Yalla, tashi mu tafi, ya shaikh."

Abdurrahim ya miƙe ya sa takalmi. Ɗalibai sun cika matakalar bene, Harun a gaba, kowa ya matsa jikin bango ya ba su hanya.

A bakin mota ya tsaya, ya juyo wurin Munkaila.

"Yallaɓai, kai ka ga duniya. Don Allah ka gaya mini gaskiya. Wanda ya yi maganar nan, shi ne?"

Munkaila yana iya cewa Allah ne masani, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Ya dubi yakushin da ke hannun mutumin.

"Shi ne, Malam. Ƙaninka ne."

Abdurrahim ya gyaɗa kai a hankali. Ashraf ya riƙe shi ta hammata ya saka shi a bayan mota, ya rufe ƙofa.