Kariyar da Hembadoon Ta Tono

Duk furen da Hembadoon ta shuka a sabon gidanta na Akurba, rani sai ya ƙone shi ƙurmus. Abin ya ishe ta. Ita dai so take ta samu wanda ba ya mutuwa.

Rannan da yamma tana dawowa daga gona, sai ta hangi itaciyar kariya a wani kango, mai kaurin gindi, ta yi jajayen furanni a tsakiyar rani. Ƙasar gindinta kuwa jiƙe take sharkaf, alhali ba rijiya ba rafi a kusa. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mai hankali, amma ina! Ta tono ta, ta kai gida ta dasa.

Da magariba kaji suka yi tsit. Sai ga jifa a kan kwano, ƙwal, ƙwal. 'Yarta Doosuur ta ajiye tuwon da take ci, ta je ta durƙusa gaban kariyar, tana rera waƙar rarrashin jariri da muryar tsohuwa. Kwana da kwanaki ba ci ba sha, yarinya ta rame kamar kara. Tsoro ya cika Hembadoon, ta ruga wajen maƙwabcinsu Malam Bobbo, mai ruƙiyya.

Malam ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta ɗago kai.

"Wace ce ke? Me yarinya ta yi miki?"

"Ɗana ne kwance a inda aka tono kariyar nan," in ji muryar. "Ni nake ba ta ruwa kullum don ta yi masa inuwa. Uwar yarinyar nan ta bar nawa a rana, ni ma na ɗauki nata."

Hembadoon ta fashe da kuka. "Wallahi ban sani ba, Mama! Fure kawai na gani."

"In an mayar, za ki fita?" Malam ya tambaya.

"Da hannunta. Kafin rana ta faɗi."

Haka ta rungumi kariyar har kango, ta dasa. Tana dawowa ta tarar Doosuur zaune tana neman abinci.

Yanzu tsakar gidan nan fayau yake, ko ciyawa babu. Kwanaki wata maƙwabciya ta tambaye ta furen da ke jure rani. Hembadoon ta jawo 'yarta jikinta.

"In kin ga wanda ba ya mutuwa, ki fara tambaya wa ke ba shi ruwa."